Gidan Da Baba Kaɗai Ke Da Ikon Ciwo

A gidan nan mutum ɗaya aka yarda yana da ciwo, shi ne Baba. Sauran mutanen gidan an ba su damar ɗan ciwon kai ko mura jefi-jefi, muddin dai ba za su yi ƙara ba. Tun ranar da Baba ya dafe ƙirji ya zube a shagonsa na kayan gini, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti, likita ya ce zuciya ce, a guji tayar masa da hankali. Likitan sau ɗaya ya faɗa ya wuce harkarsa, su kuwa mutanen gidan suka ɗauki maganar suka mayar da ita doka. Ba a buga ƙofa, ba a gardama, ba a shigo da labarin haɗari ko na mutuwa. Maƙwabcinsu ya rasu aka ce wa Baba tafiya ya yi, har yau yana mitar mutumin bai yi masa sallama ba.

Dokar kuwa a kan Umma ta sauka da duk nauyinta. Ita ke dafa masa abincinsa daban, ba gishiri ba mai, a wata 'yar tukunya da ba a girka na kowa a ciki. Ita ke dafa ruwan wankansa ta ɗauko bokitin daga kicin zuwa banɗaki. An sauko da ɗakinsa ƙasa don kada ya hau bene, an bar nata a sama, saboda haka duk kiran da zai yi sai ta sauko, duk abin da ta manta sai ta koma. An taɓa ɗaukar mai aiki, Baba ya ce takun yarinyar yana sa gabansa faɗuwa, aka sallame ta. Shi kuwa Allah ya yi masa sauƙi, ya yi ƙiba ya yi haske, yana zaune a kujerarsa da na'urar awon jini a gefe, yana auna kansa safe da yamma.

'Ya'ya biyu ne a gaban Umma. Akwai Yaya, babban ɗansu, wanda ya karɓi shagon, da Auta da ta gama makaranta tana zaman jiran aiki. Kada a ce mugaye ne, ba mugaye ba ne. Suna son uwarsu irin son da ake yi wa ginshiƙin ɗaki, wanda ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji.

Abin ya fara mata da gajiya. Ba irin gajiyar da ta saba ba, wadda barci ke wankewa. Wannan sai ta tashi da safe ta ji kamar ta kwana tana dakon kaya. Wata safiya ta hau sama da kwandon wanki za ta yi shanya, a tsakiyar benen numfashinta ya tsaya mata a wuya, ta ajiye kwandon ta zauna tana haki. Daga nan wani ciwo ya kama mata muƙamuƙi, ya gangaro wuya, ya je ya zauna a bayanta tsakanin allon kafaɗu. Ta jira ya lafa, ta miƙe ta ƙarasa shanyarta, don Baba ba ya son rigar da ba ta sha rana ba.

Da ta sauko ta tarar da Auta a falo tana danna waya.

"Auta, muƙamuƙina ke ciwo, har baya. Kuma ɗan benen nan sai da na huta a hanya."

Auta ta ɗago ta dube ta. "Haƙori ne, Umma. Kin ƙi zuwa a cire wancan na ƙarshen. Benen kuma ai girma ne ya zo, 'yammata." Ta yi dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar gidan. "Ki kurkure da ruwan ɗumi. Amma ki saki fuskar nan kafin ki shiga wurin Baba, kin san shi da karantar fuska."

Umma ta saki fuska ta shiga.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ciwon yana zuwa yana komawa, kuma kowane zuwa sai ya daɗe fiye da na baya. Ya ƙara da tashin zuciya da wani zafi a saman ciki. Ta biya wurin mai kemis na bakin layi, ta fara yi masa bayani, kafin ta kai ƙarshe har ya juya ya ɗauko kwalba.

"Olsa ce, Mama. Duk matan layin nan ita ke damunku. Ba kwa cin abinci a kan lokaci, sai kun gama da kowa sannan ku ci sanyi. Cokali biyu kafin abinci."

Ta sha farin maganin nan har kwalbar ta ƙare. Ba abin da ya canza sai ɗanɗanon bakinta.

Wata rana da hantsi tana tsaye a kan tukunyar Baba, zufa mai sanyi ta keto mata tun daga goshi har gadon baya, rigarta ta jiƙe sharkaf. Ta yi sauri ta kai bakinta wurin wanke-wanke ta yi amai, tana toshe sautin da gefen mayafi. A haka Yaya ya shigo neman shayi ya same ta.

"Subhanallahi, Umma, me kika ci?"

"Ban ci komai ba. Yayansu, ka taimaka ka kai ni asibiti yau. Jikin nan ba nawa ba ne. Ji nake kamar an ɗaure min ƙirji da igiya, hannuwana duk sun mutu."

Yaya ya leƙa ƙofa ya janyo ta, ya rage murya. "Umma, ki yi a hankali, bango ɗaya ne tsakaninmu da shi. Yanzu in na fito da mota ya hango ki a ciki ta taga, me zan ce masa? Kuma kin san motar nan ba ta barin gida da rana, saboda in ciwonsa ya motsa minti ɗaya ma rai ne."

"To ko nawa ne irin nasa?"

Tambayar ta fito ne ba tare da ta shirya ba, ita kanta sai da ta tsorata da ita. Yaya kuwa murmushi ya yi, irin na wanda aka tambaya abin da ya fi kowa sani.

"Haba Umma. Mu za a gaya wa ciwon zuciya? A gabana Baba ya faɗi. Ƙirji ya dafe, ya yi ƙara, ya zube kamar an sare shi. Mai ciwon zuciya ba ya tsayawa yana juya miya. Ke ga ki a tsaye kina magana. Cikin ne dai. Ki bari ranar da na sami sarari in kai ki a duba olsar da kyau."

Sararin bai samu ba. Ran nan kaya ne suka iso shago, washegari ranar awon Baba ce, wanshekare kuma Baba ya tashi da ciwon kai, gidan gaba ɗaya ya tsaya cak.

Da ta ga haka, sai ta roƙi abu ƙarami. Baba na wanka, na'urarsa na ajiye a kan tebur, ta ce wa Auta ta ɗaura mata a hannu ta ga ko jininta ne ya hau. Auta ta zaro ido kamar an ce ta ɗauko wuta.

"Umma, rufa min asiri. Abin nan yana ajiye duk awon da aka yi. Kullum sai Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. In ya ga wata lamba babba da bai sani ba zai ɗauka tasa ce, shi ke nan mun shiga uku. Ni ban iya gogewa ba."

Na'urar tana nan a gabanta, taku biyu, Umma ta tsaya tana kallonta. A ƙarshe ta ɗauki ƙyalle ta goge mata ƙura ta mayar da ita daidai inda take.

Saura mutum ɗaya da ba ta gaya wa ba, shi ne mijin da ta yi shekaru tana wa hidima. Ta daɗe tana juya abin a ranta. Da la'asar, tana zaune a ƙasa tana matsa masa ƙafa kamar kullum, ta ga ransa a sake, ta yi ta maza.

"Babansu, kwanan nan ni ma ba na jin daɗin jikina. Numfashina ba ya isa ta, ga ciwo a baya da muƙamuƙi. Har nake cewa ko zan bi ka wurin likitanka ya duba ni."

Baba ya sauke jaridarsa ya dube ta ta saman tabarau.

"Likitana? Na zuciya? Ke kin san abin da ake kira ciwon zuciya kuwa? Buhun siminti aka ɗora min a ƙirji, hannun hagun nan ya ɗauke, na ga mutuwa da idona. Wannan ciwon maza ne masu ɗaukar nauyin gida, masu tunanin haya da kuɗin makaranta. Ke me kike tunani? Kina gida a inuwa." Ya yi tsaki. "Ni da nake lallaɓa rayuwata, ke ce za ki zo min da wannan? Yanzu in kin kwanta wa zai..."

Bai ƙarasa ba ya kai hannu ƙirji ya lumshe ido. Kan ka ce me, Auta ta fito da gudu da ruwa, Yaya da ya shigo a lokacin ya zube gabansa yana ɗaura na'ura, ana ta fifita ana salati. Awon ya fito lafiya lau. Duk da haka da Yaya ya sami uwarsa a kicin idonsa ja ne.

"Umma, me kika gaya masa? Mun yi shekaru muna tattalin mutumin nan, ki zo ki rusa a yini ɗaya? In wani abu ya same shi, da wane ido za ki kalle mu?"

Ta ba shi haƙuri. Uwa ta ba ɗanta haƙuri saboda ta ce ba ta da lafiya. Ranar ta hau sama da rarrafe, ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai yawa, ba don ciwon ba, don ta gane ba ta da wurin kai shi. Ko kukan ma a cikin filo ta yi.

Abin da zai ba ka haushi shi ne, a ƙarshe maganin Baba ne ya kai ta asibiti. Ƙwayoyinsa sun kusa ƙarewa, Yaya na shago, Auta ta ce ita layin karɓar magani yana sa ta jiri. Aka ba Umma katinsa, ta tari abin hawa a bakin titi ta tafi karɓowa. Layin ya miƙe tun daga tagar ba da magani har waje. Tana tsaye a cikin rana da katin mijinta a hannu, ciwon ya taso ta bayanta, wannan karon bai tsaya ba. Zufa ta rufe ta, ginin asibitin ya yi mata nisa, ta ji matar da ke bayanta tana cewa, "Baiwar Allah, lafiya?" Ta so ta ce lafiya lau, bakin ya ƙi.

Ta farfaɗo a kan gado, an manna mata wayoyi a ƙirji, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Yaya da Auta na tsaye cirko-cirko a gefen gadon. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana, ta ja kujera ta zauna daidai fuskar Umma.

"Mama, ba olsa ba ce. Zuciyarki ce. Jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, kuma ba yau abin ya fara ba. Wani sashe na naman zuciyar ya riga ya mutu, ba zai dawo ba. Abin da ya rage muke son cetowa. Tun yaushe kike jin ciwon?"

Umma ta dubi 'ya'yanta kafin ta amsa. "An ɗan kwana biyu."

"Likita, amma ba ta taɓa dafe ƙirji ba," in ji Yaya. "Mun san ciwon nan. Mahaifinmu yana da shi."

"Na mahaifinku kuka sani. Mata da yawa ba haka yake zo musu ba. Gajiya ce da ba ta da dalili, numfashi ya riƙa yankewa, ciwon muƙamuƙi ko baya, amai, zufa mai sanyi. Suna tsaye suna aiki yana cin su. Ba ta gaya muku ko ɗaya daga cikin waɗannan ba?"

Auta ta toshe baki ta fita da gudu. Yaya ya durƙusa ya kifa kansa a kan katifa ya yi kuka irin na yara, yana cewa Umma ki yafe min, Umma ban sani ba. Ta ɗora hannu a kansa. Duk da wayoyin da ke jikinta wani sanyi ya ratsa ta, ta ce a ranta ashe dai an ji. Likita ta ce za a riƙe ta a nan har ta daidaita, sannan a tura ta babban asibiti a buɗe jijiyar, don akwai wata ma da ta kusa rufewa. Kafin nan ko banɗaki ba a yarda ta je da ƙafarta ba.

Hawayen Yaya bai gama bushewa ba wayarsa ta yi ƙara. Baba ne. Ya share fuska, ya gyara murya, ya ɗauka.

"Na'am Baba. E, muna tare. A'a, ba komai, olsar nan ce ta ɗan motsa, sun ce ta huta. Maganinka yana hannuna." Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya miƙo mata. "Umma, ki ɗan yi masa magana. Ki yi dariya, don Allah."

Ta yi dariyar. Na'urar da ke saman kanta ta canza kuka, nas ta leƙo.

Kwanakin da ta yi a gadon nan su ne hutun farko da ta samu tun faɗuwar Baba. Ana kawo mata abinci, ana tambayarta yaya jiki, kuma a tsaya a ji amsar. Har kunya take ji. Amma kullum Yaya ya zo, fuskarsa ta fi ta jiya nauyi. Baba ya ƙi cin girkin Auta, ya ce ta cika gishiri, ta cire gishirin ya ce ba shi da rai. Ruwan wanka ya yi zafi, ruwan wanka ya yi sanyi. Ya ce wace irin olsa ce ake kwana da kwanaki a kanta, ko dai ana ɓoye masa wani abu ne. Awonsa ya ɗan hau. Da Yaya ya faɗi wannan, sai ya sunkuyar da kai, Umma ta gane inda aka dosa.

Yaya ya sami likitar a bakin gadon ya ce suna so su tafi da ita gida, kwana biyu kacal, Baba ya gan ta hankalinsa ya kwanta, sannan a kai ta babban asibitin.

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta. "Ka ji abin da na ce kuwa? Matar nan in ta hau bene tana iya mutuwa a kansa."

"Ba za ta yi komai ba. Zama kawai za ta yi ya gan ta."

"To ku gaya masa gaskiya. Ku kawo shi nan, ni zan zaunar da shi in faɗa masa a hankali, ga ma'aikata ga kayan aiki. Na ga katinsa, jikinsa ya fi nata ƙarfi nesa ba kusa ba."

"Likita, ba ki san Baba ba. An ce a guji tayar masa da hankali."

"An ce a guji tayar masa da hankali, ba a ce a ba da ran wani a madadinsa ba." Ta juya ga Umma. "Mama, jikinki ne. In kin ce ba ki tafiya, ba mai fitar da ke daga ɗakin nan."

Umma ba ta saba a tambaye ta ba, sai da ta nemo muryarta.

"Yayansu, ni tsoro nake ji. Wallahi ba na son in mutu yanzu. Ka bar ni a yi min aikin nan, in na warke in dawo in ci gaba da yi muku duk abin da kuke so."

Yaya ya zauna a bakin gadon ya kama hannunta, mai robar, ya yi magana da taushi, kuma taushin ya fi faɗa ciwo.

"Umma, wa ya ce za ki mutu? Ke fa mai ƙarfi ce, duk gidan nan ba wanda ya kai ki. Dubi yadda kika yi makonni da shi a tsaye. Baba kuwa ba zai iya ba. Jiya ko loma bai kai bakinsa ba. In muka bar shi haka wani abu ya same shi, ke kanki ba za ki yafe wa kanki ba, na san ki. Kwana biyu ne fa. Ni da kaina zan dawo da ke."

Wato juriyar da ta yi ita ce aka juya aka mayar hujja a kanta. Ta dubi Auta ko za ta ce wani abu, Auta na wasa da zaren mayafinta. Ta dubi likita, likita na jiran kalma ɗaya. Kalmar tana bakinta, amma shekarun da ta yi tana haɗiye irinta sun fi ta ƙarfi.

"A cire min robar," in ji ta.

Likitar ba ta ɓoye ɓacin ranta ba. Ta sa Yaya ya sa hannu cewa da ra'ayinsu suka fita, ta haɗa magunguna, sannan ta sunkuyo daidai kunnen Umma.

"Mama, ki ji ni da kyau. Ba bene, ba ɗaukar kaya, ba tsayuwa a kan wuta. In ciwon nan ya dawo, ko a muƙamuƙi ne ko a baya, kada ki jira ya lafa. Ki ɗaga murya ki yi ihu a kawo ki nan take. Na biyu ba ya jira kamar na farko."

A ƙofar gida Yaya ya kashe mota bai buɗe ba. Ya karɓi ledar magungunanta ya dudduba, ya ga wasu irin na Baba ne sak, kwali ɗaya launi ɗaya. Ya ce in Baba ya gani zai gane. Ya ɓare su duka daga kwalayensu ya zuba a wata 'yar roba, ya ce ta ɓoye a kicin bayan gwangwanaye, kwalayen ya cusa a ƙarƙashin kujera. Da su aka tafi da rubutun da ke cewa wanne ne na safe wanne ne na yamma. Auta ta ɓanɓare filastar da ke bayan hannun uwarta, ta goge wurin da yawu, ta ja hannun riga ta rufe tabon allurar. Ta fito da hoda ta ɗan shafa mata, wai fuskar ta yi fari da yawa.

"Umma, ki taka da ƙarfi in za ki shiga. Kada ki riƙe bango."

Ta shiga ba ta riƙe bango ba. Baba na kujerarsa, ya ɗan faɗa kaɗan, ya ɗaure fuska irin ta yaron da aka bari a gida.

"Sannu da hutawa. Ashe kina tunawa da mu. A ce mace ta bar mai ciwon zuciya a gida ta je ta miƙe ƙafa saboda ciwon ciki? Da na mutu fa?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ɗago za ta yi magana, ta hangi Yaya a bayan kujerar yana girgiza mata kai, yana haɗa hannuwa alamar roƙo.

"Ka yi haƙuri, Babansu. Na warke."

"To madalla. Tashi ki sama min abin da zan ci, yarinyar nan ta kusa kashe ni da yunwa."

Auta ta yi wuf ta ce ita za ta dafa, Umma ta zauna tana nuna mata. Baba ya ce shi ba yaro ba ne, ya san hannun kowa a abinci, in na Auta ne a bar shi da yunwarsa. Ya kai hannu ya fara shafa ƙirji. Nan take Yaya ya dubi uwarsa. Bai ce ta tashi ba, shi dai bai ce komai ba, kuma zai iya rantsuwa har gaban Allah cewa bai ce ba. Auta ma ba ta ce ba. Haka ake yi a irin gidajen nan, ba wanda ke tura mace rami da bakinsa, matsawa kawai ake yi a ba ta hanya.

Ta shiga kicin. Kwanukan kwanaki na jibge a wurin wanke-wanke, ta kawar da kai. Ta ɗauko 'yar tukunyar ta ɗauraye, ta kunna wuta, ta fara yanka albasa tana jingine da kantar kicin ɗin. Auta ta biyo ta ta tsaya a ƙofa, Baba ya ƙwala mata kira ta zo ta gyara masa filo, ta koma.

Abincin ya fara tafasa ke nan ciwon ya dawo. Ta muƙamuƙi ya shigo kamar yadda ya saba, ya gangara baya, sai zufar nan mai sanyi. Da can ba ta san sunansa ba, tana iya cewa haƙori ne ko ciki. Yanzu ta sani, ta san abin da yake yi mata a ciki, ta san abin da aka ce ta yi. Tsoro ya kama ta sosai. Ta dafa kantar, ta ja numfashin da ya samu, ta buɗe baki za ta kira ɗanta.

Ta cikin bangon ta jiyo dariyar Baba. Ƙamshin girkin ya kai masa, ransa ya sake, yana ba su labarin wani abokin ciniki. Yaya na taya shi da dariyar wanda aka sauke wa kaya, har da Auta. In ta yi ihu yanzu, za a ji a falo, za a taso da gudu, Baba zai dafe ƙirji, kuma ta san wanda za a fara ɗauka a sa a mota.

Ta rufe bakinta. Ta tura ƙofar kicin da ƙafa har ta rufu, ta miƙa hannu ta rage wutar don kada abincinsa ya kama. Sannan ta bi jikin kantar ta zauna a ƙasa a hankali, yadda ba za a ji faɗuwarta ba.